Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa Seydou Keïta, mashahurin mai ɗaukar hoto na birnin Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a shekarar 1948, galibi da hasken rana ya dogara, alhali kuwa yana da fitilun lantarki? Bisa al'adarsa, a tsakar gida yake zaunar da mutum, ya rataya zane mai ado a bayansa, wanda da fari ma mayafin gadonsa ne, sa'an nan ya yi nazarin saukar haske a kan fuska da tufafi, ya gyara zaman hannu da karkatar kafaɗa cikin hikima da natsuwa, domin kuwa, saboda tsadar fim, yawanci sau ɗaya tak yake ɗaukar kowane hoto.