Birkin faifai na keke: abin da ya sa sabon da ka saya ya ƙi zama

Kekunan gwanjo da ke shigowa daga Turai ta tashoshin ruwa na Kwatano, Lome da Duwala, da yawansu yanzu birkin faifai gare su, irin wanda masu Faransanci ke kira frein à disque. Birki ne mai kamawa ko da ruwan sama, amma ranar da mamatsinsa ya lalace, wato ƙarfen nan da ke matse faifan, sai mutum ya sayo sabo ya tarar ramukan noti ba su yi daidai ba. Ba lalle ne mai shago ya cuce ka ba. Mazaunin birki da aka fi amfani da su iri uku ne, kuma rula kaɗai ta isa ka gane naka.

Mafi tsufa shi ne IS. Kunnuwa biyu ne a jikin firam ko fok, milimita 51 tsakanin ramukansu, babu zare a ciki, noti na shiga ta gefe. Post Mount kuwa ginshiƙai biyu ne masu zare, milimita 74 tsakaninsu, noti na shiga ta saman mamatsi ya nutse cikin firam. Yawancin kekunan hawan tsauni na yanzu shi gare su. Na ukun, Flat Mount, kamfanin Shimano ne ya fito da shi a tsakiyar shekarun 2010 saboda kekunan tsere. Ramukan mamatsinsa milimita 34 ne tsakani, kuma a baya notin yana ratsa ƙarfen firam daga ƙasa, don haka tsawonsa ya danganta da kaurin ƙarfen.

Adafta ita ke haɗa irin da bai zo ɗaya ba, kuma ita ke ɗaga mamatsi idan an ƙara girman faifai. Mamatsin Post Mount, wanda shi ya fi yawa a kasuwa, yana hawa firam mai IS da adafta ba tare da wahala ba, yana hawa mai Flat Mount ma. Akasin haka ne ke da wuya: mai firam na Post Mount kada ya ɓata kuɗinsa kan mamatsin Flat Mount.

Inda aka fi ruɗewa shi ne girman faifai. Akwai na milimita 140, 160, 180, da 200 ko 203. A IS, gaba da baya ba lissafinsu ɗaya ba: adaftar da ta dace da faifan 180 a gaba, a baya na 160 za ta ɗauka, ta 160 a gaba kuma ta 140 ce a baya. Shi ya sa Shimano ke rubuta lamba irin F180P/S a jikinta. F na nufin gaba (R baya ke nan), 180 girman faifai, P mamatsin Post Mount, S kuma mazaunin IS. A Post Mount ana duba girman da fok ɗin ya zo da shi. Idan na 160 ne, adaftar da ke ƙara milimita 20 za ta kai ka 180. Idan kuwa na 180 ne tun asali, babu adaftar da za ta mai da shi 160. Ana hawa ne, ba a sauka. Hawan ma yana da iyaka, domin kowane fok yana da girman faifan da masu ƙera shi suka yarda ya ɗauka.

Na sha ganin kekunan ɗalibaina an jera musu wosha huɗu ko biyar ƙarƙashin mamatsi don ya tashi. Ban zargi masu gyara ba, abin da ke hannunsu da shi suke aiki, amma dabarar tana da haɗari. Wosha na cinye tsawon noti, sai ƴan zare kaɗan ne suka kama, ga shi ginshiƙin alminiyam ne ko ƙarfe mai laushi irinsa. Ranar da yaro ya gangaro da ɗan'uwansa a baya ya danne birki da ƙarfi, zaren na iya tsigewa. In ba a yi daidai ba kuma, takalmin birkin rabin faifai zai riƙa kamawa, ya cinye ta ƙasa ya bar tudu a sama. Idan tudun biyu suka haɗu, hannu zai ji birki ya kama alhali faifan na wucewa. Ko bambancin 200 da 203, da ake rainawa, yana sa takalmi ya ci a karkace.

Shi kansa faifan iri biyu ne wajen ɗaura shi a cibiyar taya: mai noti shida, da Center Lock mai haƙora da zobe guda. Mai noti shida yana hawa cibiyar Center Lock da adafta, amma kada ka sa rai da akasin haka.

Kafin ka tafi kasuwa, auna tsakanin ramukan daga tsakiya zuwa tsakiya, karanta lambar da ke jikin faifan, ka ɗauki hoton wurin da waya. In za ka aika a sayo maka daga Kano, Yamai ko Yawunde, ka faɗa musu na gaba ne ko na baya, kuma su haɗo da notin da ya zo cikin ledar adaftar.