Daga Kamlin Zuwa Damazin: Wa Ke Magana Da Yawun Mai Shanu?

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya taɓa koro shanu daga wajejen Sinnar ya nufi kasuwar Muwailih ta Omdurman ya san Kamlin, garin nan na bakin kogin Bahar Azrak a kan hanyar Madani zuwa Hartum. Ya kuma san sau nawa ya sa hannu a aljihu kafin ya isa, domin kowace mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, da nata kuɗin da take ɗorawa a kan dabba. To, ranar da aka zauna aka yanke kuɗin nan, wa ya zauna a madadinmu?

Ba jiya mutanenmu suka zo ƙasar nan ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yo gabas da jama'arsa, ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Wasu kuma mahajjata ne da guzuri ya ƙare musu a hanya. Da aka buɗe dam ɗin Sinnar a 1925, aka fara noman audugar Jazira, hannunsu ya yi aiki ba kaɗan ba. Amma da yawa ba su sami hawasha ba, wato gonar da hukumar aikin ke rabawa, sai suka zauna a kambo, 'yan unguwannin leburori na bakin magudanar ruwa. Wanda ba shi da hawasha kuwa ba shi da kujera a ƙungiyar manoma, ko da akuyoyinsa da shanunsa sun cika gari.

Ga inda gizo ke saƙar. A Sudan sarautar gargajiya, daga shehu zuwa umda zuwa nazir, tana tafe ne da ƙasa. Gwamnatin Numairi ta rushe ta a 1971, daga baya aka dawo da ita, kuma ko da aka raba ƙasar jihohi 26 a 1994, gwamna ya fi jin maganar mai rawani idan batun fili ne ko burtali ko mashaya. Sarautar Mai Wurno ta samu karɓuwa tun zamanin Turawa, amma sauran ƙauyukan Hausawa da yawa sai dai su raɓu da sarkin wasu.

Kowa ya ji abin da ya faru a 2022. Hausawan jihar Bahar Azrak, mai hedkwata a Damazin, suka nemi a ba su sarautar kansu, maƙwabta suka ɗauka ƙasa ake so a raba. A watan Yuli aka yi asarar rayuka fiye da ɗari a wajejen Rusairis, a Oktoba kuma fiye da ɗari biyu a Wad al-Mahi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, na kowane ɓangare. Mu dai a ganinmu, da akwai zauren da talakan kowace ƙabila ke da wakili a ciki, ba lalle sai ta hanyar rawani ba, da wataƙila an tsaya a cacar baki.

Kuma ba wai ba mu da mutanen ba. Ku dubi damin a kasuwannin shanun Sudan, mutumin da ke tsaya wa mai sayarwa, ya lamunce cewa san nan ba na sata ba ne. Kamar fatoma ne a kara a wajenmu. Ya san kowa, ya san wace rijiya ta ƙafe, ya san wane manomi ya shuka dawa a tsakiyar burtali. Irinsa, da limamin kambo, da dattijon da ke raba rigimar ɓarna bayan girbi, su ne wakilanmu na gaskiya, ba albashi, ba ofis. Sai dai fa, mu faɗi gaskiya, mu ne muke fara yada su. Mutum zai bar cinikinsa ya tafi Madani da kuɗin motarsa, ya yini a bakin ƙofa, ya dawo mu ce ya ci kuɗi.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya shiga Jazira a Disambar wannan shekarar, soja suka karɓe Madani a Janairun 2025, mazauna kambo kuma sun sha wuya a tsakani. Duk ranar da aka koma zaman tsara kasuwanni da haraji da hanyoyin dabbobi, wanda ke cikin ɗaki shi za a rubuta wa rabo.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe ya zaɓi mutum biyu, dattijo da yaro mai Larabci da alƙalami, a ba su takardar wakilci mai hatimi, a kai sunansu mahaliyya. A ware wani abu daga kowane sa da aka sayar domin kuɗin motarsu da abinci. In sun dawo su yi bayani a gaban jama'a ranar kasuwa. Kada kuma su je su kaɗai, su nemi makiyaya Larabawa da Fulani, tunda shinge ɗaya ke tare mu duka. Ku kuma fatake, rasidin nan da kuke yarwa a hanya, ku riƙa tarawa kuna miƙa wa sakataren reshe, da sunan shingen da ranar da aka karɓa.