Karen farauta a Kwaya, karen sarƙa a birni: abin da duka ke mayar da kare

A ƙauyukan Kwaya da ke gundumar Magarya a jihar Damagaram, da ma maƙwabciyarta Dungas, da zarar an kawar da amfanin gona sai mafarauta su fara shiga daji, karnukansu na biye da su ba igiya a wuya. Mai kare ya yi fito, kare ya juyo a guje. In an kama zomo ko gafiya, a nan take ake jefa masa kayan ciki, tun jinin bai bushe ba. Da haka yake gane cewa dawowa wurin ubangidansa akwai riba.

Matashin da ya taso yana ganin wannan, in ya tafi cirani Damagaram, Maraɗi ko Kano, wani karen daban yake tararwa. Karen gadi ne da ke ɗaure da sarƙa a bayan ƙofa tun yana ɗan kwikwiyo, ba ya ganin kowa sai mai kawo masa abinci. Babur ya wuce ya yi haushi, almajiri ya yi sallama ya zabura, mai gida kuma ya ɗauko bulala. Da yawa daga cikin masu irin waɗannan karnuka sun ɗauka yunwa da duka ne ke sa kare ya yi zafi ya tsare gida.

Zafin kam yana yi, amma galibi zafin tsoro ne, kuma kare mai tsoro bai san ɓarawo da ɗan maƙwabci ba. Wani bincike da likitocin dabbobi na Jami'ar Fensilbeniya da ke Amurka suka wallafa a 2009 ya gano cewa kashi 43 cikin 100 na karnukan da aka doka ko aka haura don a gyara musu hali sun mayar da martani da faɗa. A 2020 kuma masu bincike a ƙasar Fotugal sun duba karnuka 92, suka ga waɗanda ake horarwa da tsawa da fizgar igiya sun fi nuna alamun firgici, sinadarin damuwa ma ya fi hauhawa a yawunsu, in aka kwatanta da waɗanda ake koya wa da lada.

Akwai lokacin da masu kare suka fi fara duka, wato lokacin balagarsa. Ɗan kwikwiyon da ke amsa kira yana wata biyar, sai ya kai wata takwas ya riƙa yin kunnen uwar shegu. Masana a Jami'ar Niyukasil ta Ingila sun nuna a 2020 cewa a wannan tsakanin karnuka kan rage jin maganar wanda ya rene su, alhali suna bin umarnin baƙo, kuma taurin kan ya fi yawa ga waɗanda ba su saki jiki da mai su ba. Abin yana wucewa. Dukan da aka yi a lokacin ne ke barin tabo.

Horon lada ba ya buƙatar kuɗi. In kare na zabura kan babura, sai a fita da shi a igiya, a tsaya can nesa inda zai hango babur bai harzuƙa ba. Yana kallo ya yi shiru, a ba shi ɗan guntun nama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin in an jinkirta ba zai san abin da aka saka masa a kai ba. Minti biyar ya isa a zama ɗaya. Bayan kwanaki a ƙara matsowa. In ya fara haushi, an yi gaggawa ke nan, sai a ja da baya. Gurnani kuwa ba a dukan kare a kansa, gargaɗi ne yake yi. Karen da aka hana gurnani da bulala, wata rana cizo zai kai ba sanarwa.

Koya wa kare aiki ba baƙon abu ba ne a addinin mutanen yankin. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo, malamai kuma sun yarda da ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona.

Hankalin kare dai ba ya maye gurbin allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari rigakafi na iya katse yaɗuwar cutar. Nan ma horo na da amfani, domin karen da ya saba da hannun mutum ne ake iya riƙewa a yi masa allura, na bayan ƙofa kuwa ko mai shi shakkar kama shi yake.

Wanda kare ya ciza, ko da yakushi ne, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, sannan ya nufi asibiti a ranar. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan ba a tashi.