Rokar Haya: Yadda Hanyar Sararin Samaniya Ta Koma Hannun Ɗan Kasuwa

Daren 21 ga Disamba, 2015, wata roka mai suna Falcon 9 ta tashi daga Cape Canaveral da ke jihar Florida a Amurka, ɗauke da taurarin ɗan Adam 11. Tashin roka ba baƙon abu ba ne a wannan gaɓar teku, tun shekarun 1950 ake yi. Abin da ya sa ma'aikatan kamfanin SpaceX suka kaure da sowa ya faru ne kamar minti goma bayan tashin. Gindin rokar, dogon ƙarfe mai injina tara da tsawon da ya haura mita 40, ya juyo da baya, ya sake kunna wuta, ya ware ƙafafu huɗu, ya dira a tsaye cak kamar tabarya. Kafin wannan dare, al'ada ita ce a harba roka sau ɗaya, gindinta ya faɗa teku, an gama da shi ke nan. Kwatankwacin mai tirela ne da zai kai kaya Legas ya cinna wa motar wuta, gobe ya sayi sabuwa.

Yawancin masu ba da labarin nan daga wannan dare suke farawa, su ƙare da yabon Elon Musk, mai kamfanin. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma tushen lamarin yana cikin baitulmalin gwamnatin Amurka.

A 2003 kumbon Columbia ya tarwatse yana dawowa duniya, mutum bakwai suka mutu. Daga nan aka yanke shawarar jingine irin waɗannan kumbuna masu fukafuki, aka kuwa jingine su a 2011. Sai ga ƙasar da ta kai mutum duniyar wata a 1969 ba ta da abin hawan da zai kai 'yan sama jannatinta tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Shekara tara hukumar NASA tana sayen kujera a kumbon Soyuz na Rasha, farashi yana hawa har kujera ɗaya ta wuce dala miliyan 80. Kuɗin da zafi, amma abin kunyar ya fi zafi.

Tun 2006 NASA ta fara sauya yadda take ba da aiki, kuma a ganina nan ne ainihin juyin ya faru. A da, hukumar kamar mai gini take da ya ce wa magini: duk abin da ka kashe zan biya, in ɗora maka riba. Wane magini ne zai yi sauri, ko ya yi tattalin siminti? Sabon tsarin jinga ne. An yi tsada tun farko, in ka kai kayan ka karɓi kuɗinka, in ka kashe fiye da haka ta shafe ka, motar kuma taka ce, kana iya ɗaukar kayan wasu da ita. SpaceX, wanda aka kafa a 2002, ya harba ƙaramar rokarsa Falcon 1 sau uku tana faɗuwa, sai a karo na huɗu, cikin Satumban 2008, ta kai falaki. A lokacin aljihun kamfanin ya kusa bushewa. Wata uku bayan haka NASA ta ba shi kwangilar dala biliyan 1.6 don kai kaya tashar sau 12. Ba don wannan takarda ba, da wuya a ga daren Disamban 2015.

Dalili na biyu shi ne sake amfani da roka. A Maris na 2017 aka fara mayar da gindin da ya taɓa tashi, yanzu kuwa akwai waɗanda suka je suka dawo fiye da sau 20. Mai ba shi ne tsadar roka ba, injina da gangar jiki ne. Sakamakon yana cikin alƙaluma: rokokin Falcon sun tashi sau 96 a 2023, sau 134 a 2024, wato kamfani ɗaya ya yi sama da rabin duk harbin da aka yi zuwa falaki a duniya a wannan shekara.

To ina aka sami kayan da za a ɗora wa roka kusan duk bayan kwana uku? Kasuwar ba ta kai haka ba, sai kamfanin ya ƙirƙiro wa kansa lodi. A Mayun 2019 ya harba rukunin farko na taurarin Starlink guda 60 masu samar da intanet, yau sun kai dubbai, kuma kusan biyu cikin kowane harbi uku na 2024 nasu ne. Mai mota shi ne mai kaya.

Alherin da aka samu ba abin musu ba ne. A Janairun 2021 roka ɗaya ta kwashi ƙananan taurari 143 a tashi guda, kowa ya biya kuɗin gurbinsa kamar fasinjan tasha. Lokacin da Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003 daga Rasha, da NigComSat-1 a 2007 daga Sin, sha'ani ne na manyan hukumomi da manyan kuɗaɗe. A Yunin 2017 kuwa, Nigeria EduSat-1 da GhanaSat-1, 'yan akwatina masu faɗin santimita 10 da ɗaliban jami'o'in Akure da Koforidua suka haɗa tare da wata jami'ar Japan, sun tafi ne cikin lodin kumbon Dragon na SpaceX kamar saƙon da aka ba direba. Najeriya ce kuma ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki, a Janairun 2023: faranti ɗaya a kan rufin kwano ya isa, ko da babu turken waya a kusa. Haka a ɓangaren mutane. Tun da Bob Behnken da Doug Hurley suka tashi a Dragon ranar 30 ga Mayu, 2020, kujerar zuwa sama ta zama abin saye da sayarwa a hannun kamfani. Ta wannan hanya Rayyanah Barnawi da Ali Alqarni na Saudiyya suka je tashar a 2023.

Amma a duba farashi. Shekaru da dama ana sayar da tafiyar Falcon 9 kan dala miliyan 62, a 2022 ta koma miliyan 67. Rokar da ake wankewa a mayar ba ta sa kuɗin ya sauko ba, ƙaruwa ma ya yi. Ragin da aka samu wajen ƙira, akasarinsa a aljihun kamfani ya tsaya, da shi yake renon Starlink. Wannan ba laifi ba ne a dokar kasuwa, halin duk wanda ke cin karensa babu babbaka ne.

NASA ta so kauce wa wannan. A 2014 ta raba kwangilar ɗaukar mutane gida biyu: Boeing dala biliyan 4.2, SpaceX biliyan 2.6. Wanda aka ba kaso mafi tsoka shi ya gaza. Kumbon Starliner na Boeing bai ɗauki mutum ba sai a Yunin 2024, da Butch Wilmore da Suni Williams, a kan za su yi kamar mako guda. Injinan juya akalar kumbon suka ba da matsala, aka dawo da shi fanko, su kuwa suka zauna a tashar fiye da wata tara, har Dragon ya sauko da su a Maris na 2025. Turai ma ta sha irin wannan. Ta yi ritayar rokarta Ariane 5 a Yulin 2023 alhali Ariane 6 ba ta shirya ba sai bayan shekara guda, dole ta kai madubin hangen nesanta Euclid da taurarin Galileo wajen SpaceX. Kamfanin OneWeb, kishiyar Starlink, da Rasha ta riƙe masa taurari 36 a Baikonur a 2022 saboda yaƙin Yukren, ƙofar kishiyar tasa ya ƙwanƙwasa. Hatta Amazon ya yi hayar Falcon 9 sau uku.

Ranar da abin ya fito fili ita ce 5 ga Yuni, 2025. Musk da Shugaba Donald Trump suka yi cacar baki, Trump ya yi barazanar soke kwangiloli, Musk ya ce zai fara dakatar da Dragon. Cikin 'yan sa'o'i ya janye maganar, amma kowa ya ji. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: dogaron da aka yi da Mosko ya koma dogaro da mutum ɗaya da yanayin da ya tashi da shi.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a rasit. Falakin da ke kusa da duniya yana cika, masana taurari suna kukan layukan haske na ɓata musu hotuna, abin da aka harba kuma wata rana zai sauko. A ƙarshen Disamban 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo ƙauyen Mukuku a Kenya, hukumar sararin samaniyar ƙasar ta ce ɓangaren roka ne. Dokokin da ake da su, yarjejeniyar 1967 da ta biyan diyya ta 1972, an rubuta su ne lokacin da gwamnatoci kaɗai ke harbi, don haka ƙasa ake kamawa da ɓarna, ba kamfani ba. Manomin da ƙarfe ya faɗo wa gona sai gwamnatinsa ta bi masa kadi ta hanyar diflomasiyya, in ta ga dama.

Masu neman shiga kasuwar suna nan: Rocket Lab na harba ƙananan rokoki daga New Zealand, rokar New Glenn ta Jeff Bezos ta kai falaki a Janairun 2025, kamfanonin Sin na ta gwajin saukar da nasu rokokin. Sai ranar da biyu ko uku cikinsu suka iya tashi duk mako zan yarda a kira wannan kasuwa. A yanzu dai tasha ce mai mota ɗaya. Ko aikin sauko da tashar sararin samaniyar kanta idan wa'adinta ya cika wajen 2030, kwangilar da ta kai dala miliyan 843, SpaceX ne NASA ta ba a Yunin 2024.