Hoton da Ake Juya wa Haske

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar ƙwarya mai zane da hantsi, yana karkata ta har rana ta zo mata ta gefe, ya san cewa sassaƙa ba ta bayyana sirrinta sai haske ya kwanta mata; alhali kuwa hoton da muka saba ɗauka, kome kyansa, haske guda yake kamawa, ba ya sāke shi har abada.

A shekarar 2001 ne wani masani, Tom Malzbender, da abokan aikinsa a kamfanin Hewlett-Packard na Amurka suka fito da hikimar da ta warware wannan mushkila, wadda a yau, bayan ta daɗe a hannun masu manyan na'urori, ta sauko har wayar salula. Ƙa'idarta ita ce a kafe wayar kada ta motsa ko kaɗan, a ajiye ɗan baƙin ƙwallo mai sheƙi kusa da abin da za a ɗauka, sa'an nan a riƙa zagayawa da tocila cikin duhu, ana ɗaukar hoto arba'in ko hamsin. Ƙyallin da ke kan ƙwallon shi ke shaida wa manhaja inda haske ya fito, ita kuwa ta lissafa tudu da kwarin kowane ɗigo, ta haɗa hotunan su zama hoto ɗaya wanda mai nazari zai ja wa haske da yatsa yadda ya so.

Mazauna Unguwar Boro ta Kaduna sun fi kowa cancantar lura da wannan fanni, domin hanyar Kachia da suke bi kullum ita ce ta nufi ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a Nok a 1928, irin waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na Kaduna. Tsagar kitso da sawun yatsan magini, waɗanda shekaru fiye da dubu biyu suka dusashe, da irin wannan hoto suke fitowa sarari. Haka ma gurbin alƙalami a tsofaffin takardun da ke Gidan Arewa na Kaduna.

Sharaɗin dai haƙuri ne, domin wayar da ta gusa sau ɗaya ta ɓata aikin dare duka. Kayan tagulla masu walƙiya kuwa har yanzu suna rikita lissafin.