Kifayen gaɓar tekun Afirka ta Yamma

Kifayen gaɓar tekun Afirka ta Yamma su ne waɗanda ke rayuwa a ruwa marar zurfi na Tekun Atilantika, daga Muritaniya zuwa Angola, har da bakin koguna inda ruwan gishiri ke gauraya da ruwan daɗi. Yawan gishiri da sanyin ruwa ne suka fi tsara inda kowane nau'i yake zama da lokacin da yake ƙaura.

Bonga

Bonga, mai sunan kimiyya Ethmalosa fimbriata, kifi ne mai launin azurfa da yawan ƙaya, tsawonsa galibi kimanin santimita 25. Yana yawo gungu-gungu kusa da saman ruwa. Ba ya farauta. Buɗe baki yake yi yana tace ƙananan tsirran ruwa waɗanda ido ba ya gani. Abin da ya bambanta shi da danginsa shi ne juriya ga canjin gishiri, don haka ana samunsa a teku da tafkunan Legas, har can cikin Kogin Gambiya. Yawancin abin da aka kama banda ake yi masa, saboda ɗanyensa ba ya jure zafi.

Sardinela

Iri biyu ne suka fi yawa, Sardinella aurita da Sardinella maderensis. A gaɓar Ghana, daga Yuli zuwa Satumba, ruwan sanyi yakan taso daga ƙarƙashin teku ɗauke da sinadaran da ke ciyar da ƙananan halittu. Sai sardinela su biyo abincin, su yi ƙwai, masunta kuma su biyo su da kwalekwale. Kamun da ya wuce kima ya rage su ƙwarai, shi ya sa Ghana ta fara rufe teku ga ƙananan masunta na wata guda a 2019. A Muritaniya, Senegal da Gambiya kuma, masana'antun garin kifi na saye su don abincin dabbobi a ƙasashen waje, abin da ke rage na kasuwar talaka.

Mazauna ƙasan ruwa

Kifayen Pseudotolithus suna zama kan laka da yashi, suna cin jatan lande da ƙananan kifaye. Danginsu sun shahara da gurnani, wanda suke yi da jakar iskar cikinsu. Mafi ban mamaki shi ne Periophthalmus barbarus na fadamun Neja Delta: idan ruwa ya janye, yakan fito kan taɓo yana tsalle, yana shaƙar iska ta fatarsa muddin tana da danshi.