Bin Sawu a Cikin Littafi da Cikin Daji

A shekarar 1993 aka buga wani littafin ƙagaggen labari a Amurka mai suna Track of the Cat. Marubuciyarsa, Nevada Barr, ma'aikaciyar gandun daji ce a lokacin, ta kuma gina labarin a gandun dajin ƙasa na tsaunukan Guadalupe da ke jihar Texas, inda ta taɓa yin aiki. A cikin labarin an tsinci gawar wata mai gadin daji a wani kwazazzabo, da alamun cewa zakin tsauni ne ya kashe ta, wato wata dabba dangin damisa. Hukuma ta yarda da haka, aka shiga shirin farautar dabbar. Amma abokiyar aikin mamaciyar, Anna Pigeon, ba ta gamsu ba, domin abin da ta gani a wurin bai yi daidai da abin da ta sani na halin dabbar ba.

Masu karatu sun karɓi littafin hannu bibbiyu. A 1994 ya ci lambobin yabo biyu, na Agatha da na Anthony, a matsayin littafin farko na marubuci da ya fi fice. Waɗannan lambobi kuwa mahalarta tarurrukan shekara-shekara na masu sha'awar irin waɗannan littattafai ne ke kaɗa ƙuri'a a kansu, saboda haka ra'ayin masu karatu ne kai tsaye. Daga nan marubuciyar ta ci gaba da kai jarumarta gandun daji daban-daban, har littafi na 19 ya fito a 2016.

Ma'aunin mai karatu

Abu biyu mai karatu yake aunawa a littafin bin diddigin laifi. Na farko shi ne adalci. Tun a 1929 wani marubuci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji goma na irin wannan rubutu, ciki har da cewa duk alamar da mai bincike ya gano dole a nuna wa mai karatu ita, don shi ma ya gwada basirarsa. Na biyu shi ne gaskiyar wurin da aka gina labarin. A nan ne ra'ayi yakan rabu. Akwai masu ganin yawan siffanta itatuwa da duwatsu yana jan labari, su dai a gaya musu wanda ya yi kisa. Akwai kuma masu ganin cewa a labarin daji siffantawar ita ce shaidar, wanda ya tsallake ta kuwa ya tsallake amsar.

Masu ra'ayi na biyu suna da hujja. A birni mai bincike yana da maƙwabta da masu shaguna da zai yi wa tambaya. A daji ba shi da kowa sai ƙasa da ciyawa da ƙwari. In marubuci bai san su ba, labarinsa zai rushe a hannun wanda ya sani.

Dajin da ke kusa

Ɗalibin Rano ko Kibiya yana cikin waɗanda za su iya yin wannan awo, domin Dajin Falgore ba shi da nisa da shi. Dajin ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. An keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960. Kogin Kano yana bi ta cikinsa kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Doka da maje da maɗaci da kirya suna daga cikin itatuwan irin wannan daji. A 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da ƙarin gandun daji na ƙasa guda 10, Falgore na cikinsu.

Adabin Hausa bai rasa labaran miyagun laifuka ba. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina duk sun fito a 1982. To, a ce wani marubuci ya gina labarin bin diddigi a Falgore, da me mai karatu zai gane ko ya san daji?

Shaida ta farko: sawu

Dangin kyanwa, irin su zaki da damisa, suna janye faratansu ciki idan suna tafiya, saboda haka ba a cika ganin alamar farce a sawunsu ba. Kare da dila da kura kuwa faratansu a waje suke, suna barin ɗige-ɗige a gaban yatsu. Haka kuma bayan tafin ƙafar dangin kyanwa yana da tudu uku, na kare da kura biyu. Ƙafar kura ta gaba ta fi ta baya girma sosai. Marubucin da ya ce an ga sawun damisa da shatar farata huɗu raɗau a kan hanya, ko dai ya yi kuskure, ko kuwa yana nuna cewa wani ne ya ƙirƙiri sawun.

Sawu yana kuma faɗin lokaci. Sabo gefensa a tsaye yake, wanda ya kwana gefensa ya fara zubewa, musamman da hunturu. Idan ƙwarin dare sun bi ta kansa, an san kafin asuba aka taka. Maharban ƙasar Hausa sun daɗe da wannan sani, ba tare da sun rubuta shi ba.

Shaida ta biyu: ƙuda

Koren ƙudan nan mai sheƙi yakan isa ga mushe cikin 'yan mintoci da rana. Ya zuba ƙwai, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko ƙasa da haka, tsutsa ta yi ta girma mataki-mataki har ta zama ƙuda. Saurin girman ya danganta da zafi: da bazara ya fi sauri, da hunturu ya ragu. Wanda ya auna tsawon tsutsa, ya kuma san zafin kwanakin, zai iya ƙiyasta ƙarancin lokacin da mushen ya yi a wurin.

Amfani da ƙuda a shari'a tsoho ne. A wani littafi da alƙali Song Ci na ƙasar Sin ya rubuta a 1247, an ba da labarin kisan da aka yi da lauje. Aka sa mutanen ƙauye suka jera laujunansu a rana, ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya, duk da an goge shi, mai shi ya amsa laifi.

Rauni ma yana da abin faɗi. Wanda aka yi wa mai rai yakan zub da jini cikin naman da ke kewaye, domin zuciya tana bugawa. Cizon da kura ko ungulu suka yi bayan mutuwa ba ya nuna haka. Ta wannan hanya likita yake bambanta dabbar da ta kashe da wadda ta tarar da gawa kawai.

Shaida ta uku: ƙasa da tsiro

Edmond Locard, wanda ya kafa ɗakin binciken 'yan sanda a birnin Lyon na Faransa a 1910, shi aka sani da ƙa'idar cewa duk abu biyu da suka haɗu sai kowanne ya bar wani abu a jikin ɗaya. Duk wanda ƙarangiya ta taɓa kama wa wando ya san gaskiyar wannan. Baƙar lakar fadama daban take da jar marmara, ita ma daban take da tsakuwar gindin duwatsun Rano. Ƙurar furen kowane irin tsiro tana da siffarta a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Mutumin da ya rantse bai wuce gonarsa ta kan tudu ba, amma takalminsa ɗauke da lakar bakin kogi, yana da bayanin da zai yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Daga labari zuwa gaske

Wannan ilmi bai tsaya ga nishaɗi ba. Namun dajin Falgore sun ragu ƙwarai saboda farauta ba bisa ƙa'ida ba da saran itace da ƙunar daji, kuma a shekarun 2010 dajin ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu. Laifin da aka yi a irin wannan wuri da wuya a sami wanda ya gani da ido. A 2015 masana ƙarƙashin Samuel Wasser na Jami'ar Washington suka nuna cewa, ta gwajin ƙwayoyin gado na DNA, yawancin hauren giwa da aka kama da yawa ya fito ne daga yankuna biyu kacal: kudancin Tanzaniya da arewacin Mozambik, sai kuma dazuzzukan Gabon da Kwango da maƙwabtansu. Wannan ma bin sawu ne, kayan aikin ne suka sauya.

Malamin kimiyya zai iya fara koyar da wannan ba tare da kashe kuɗi ba. A jiƙa yashi, a bar kare da kyanwa su taka, ɗalibai su zana sawun, su auna shi da rula, su sake dubawa bayan kwana ɗaya da kwana biyu. Ko kuma a sa tsokar nama a kwalabe biyu, a rufe bakin ɗaya da ƙyalle, a bar ɗaya a buɗe, kamar yadda Francesco Redi ya yi a Italiya a 1668 har ya tabbatar cewa tsutsa daga ƙuda take, ba daga nama ba. A kuma gayyato tsohon maharbi aji, ɗalibai su rubuta abin da ya faɗa, su gwada shi. Ɗalibin da ya saba tambayar hujja kafin ya yarda zai karanta littafi da idon alƙali, kuma irinsa Falgore yake bukata a cikin masu gadinsa.